Ta Dama Rihab Ta Buɗe Littafin

Sidi Ƙasim, 9 ga Maris

Halti Turiya,

Gaisuwa mai yawa daga 'yar yayarki Gizlan, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya a can Sifaniya. Mu nan sai godiya. Ƙafar Kaka ta ɗan yi sauƙi, tana iya dogara sanda har bakin rijiya. Mamata ta ce in gaishe ki, ta ce kuma ki daina fita da jiƙaƙƙen kai. 'Yarki Rihab ƙalau take, haƙorinta ɗaya na gaba ya fita, ta jefa wa rana shi kamar yadda aka saba, yanzu in ta yi dariya sai ta rufe baki.

Ki yafe mini ranar da muka raka ki tasha ban ce miki komai ba. Kin san ni, in mutane sun yi yawa bakina ɗaurewa yake. A takarda ne kawai nake iya magana.

Ina nan gidan kwanan 'yan mata a gari, ran Asabar nake zuwa ƙauye in dawo Litinin. Duk zuwan da na yi sai na tarar Rihab ta ƙara gaba. Halti, 'yarki ta fara haɗa baƙi! Na saya mata ƙananan littattafan nan na jarumai masu tashi sama, waɗanda ake bazawa a kasuwar Alhamis kusa da masu na'a-na'a, layi ɗaya a shafi, da manyan baƙaƙe da wasulla. Guda biyu ne. Tana sa yatsa tana bi, in ta fitar da kalma sai ta ɗago ta kalle ni kamar ta tsinci ƙwai. Kaji ma ba ta bar su ba, tara su take ta karanta musu.

Jiya ta ce, "Yaya Gizlan, wai mata ba sa tashi ne? Duk maza ne a ciki."

Na ce suna tashi mana. Ta ce to ina littafinsu? Na ce ƙila yana Sifaniya. Shi ne ta ce lalle in gaya miki ki nemo mata mai mace. In da hali, Halti, ko tsoho ne.

Kullum sai ta tambayi ranar dawowarki. Na ce mata in an gama yankan alkama za ki sauka daga bas da jaka biyu. Yanzu duk safiya sai ta leƙa gonar maƙwabta ta dawo ta ce har yanzu kore ce.

'Yarki,
Gizlan

*

Walba, 2 ga Afrilu

'Yata Gizlan,

Na samu takardarki, an karanta mini sau uku. Ina gaishe ki, ina gaida uwata da yayata, ki sumbatar mini kan Rihab. Lafiyata lau sai baya. Hafida ce ke rubuta mini, ɗakinmu ɗaya, mu shida.

Aikin yana nan yadda na bar shi bara. Tun safe muna duƙe cikin rumfunan leda muna tsinkar 'ya'yan sitiroberi, ba ka miƙewa sai in akwatinka ya cika. Abin da ya ƙaru bana shi ne takardar da ake liƙawa a bango duk mako, masu saurin hannu a sama, masu nawa a ƙasa. Sau biyu sunana yana fitowa a ƙasa. Ban iya karatu ba, amma na gane, don duk juyowa aka yi ana kallona.

Ran Lahadi mun shiga gari. Na ga wani mutum ya baza tsofaffin littattafai a ƙasa, na tsuguna na yi ta juyawa har Allah ya haɗa ni da mai mace. Na daɗe a kansa, Gizlan, har mai littattafan ya miƙo mini hankici. Na saya na ba Mubarka ta ƙauyenmu ta kawo, an sallame ta da wuri saboda ciwon hannu.

Ki zauna da Rihab ku duba shi tare, a hankali, shafi bayan shafi. Abin da ke ciki ya fi abin da zan iya sa a rubuta mini.

(Ni Hafida na ce ta faɗi ko mene ne in rubuta, biro bai ƙare ba, ta ƙi. Innarki ta zama mai nuƙu-nuƙu kwanan nan, ko tukunya ta ɗora sai ta manta da gishiri.)

Ki yi karatu da kyau. Kada littattafan soyayyar nan su cinye miki ido.

Turiya

*

Sidi Ƙasim, 27 ga Afrilu

Halti Turiya,

Ina gaishe ki, Allah ya ba bayanki lafiya. Kowa lafiya, sai dai akwai abin da ya faru, kuma ban san ta inda zan fara ba.

Mako uku ban je gida ba, ga jarrabawa, ga kogi ya sake cin hanya. A tsakanin nan Mubarka ta iso ta kai littafin hannun Kaka. Kin san Kaka, littafi ɗaya ta taɓa riƙewa a duniya, shi ma sumbata take ta ajiye. Ta yi bisimilla ta buɗe shi ta dama, ta ɗora Rihab a cinya, ta riƙa ba ta labarin daga hotuna. Kullum haka, har kwana goma sha tara.

Ga abin da suka gani. Shafin farko, mace mai koren mayafi ta rungume yarinya a cikin ɗaki, ga miya tana tururi. Sai ta ɗauke ta suka tashi sama, ƙasa duk ruwa ya shanye gidaje, kamar namu bara. Sai ta sauke ta a kan rufin wani gida. Sai ga ta a sama ta ɗaga hannu. Sai ta ƙanƙance. Sai ta zama ɗigo. Shafin ƙarshe yarinyar ce ita kaɗai a kan rufi tana kuka, ruwa ya kewaye ta.

Da na iso ran Asabar ban ga Rihab a bakin hanya ba. Kaka ta nuna mini sama da haɓa. Na hau tsani na same ta zaune a rufi ta haɗa kai da gwiwa, rana tana dukanta.

Na ce, "Me kike yi a nan, 'yar gidana?"

Ta ce, "Koyon zama nake."

Halti, da ta miƙo mini littafin na ga yadda ta buɗe shi, dariya ce ta fara zuwar mini, sai kuma ta maƙale. Na ce mata ai littafin Turawa ne, ta hagu ake farawa, kamar na Faransancina. Na juya shi na nuna mata: ga yarinya a rufi tana kuka, ga ɗigo can nesa, yana girma, ashe mai koren mayafi ce, ta sauko ta ɗauke ta ta kai ta gida. Zuwa take yi, ba tafiya ba.

Ta fizge abinta. Ta ce, "Malama ta ce ta dama ake farawa. Wanda ya fara ta hagu rula yake sha."

Na ce, "To dubi fuskarta mana, ai yarinyar take kallo."

Ta ce, "Waiwaye take yi. Umma ma ta waiwayo a tasha."

Na koma wajen Kaka na ce ta taya ni. Kaka ta ce, "Ke 'yar boko, ni da hagu ko gishiri ba na miƙawa, sai in buɗe littafi da ita?" Amma da ta ce haka sai ta juya ta yi ta hura wutar da take ci sarai.

Rihab ta rage cin abinci. Kuskus ɗin Juma'a ma loma uku ta yi, in ji Mamata. Malamarsu ta aiko cewa ta daina ɗaga hannu, in an ce ta karanta sai ta kalli taga. Littattafan nan biyu ta cusa su ƙarƙashin katifa. Ta ce ke kika zaɓi wannan da kanki don ki gaya mata ba za ki dawo ba.

Don Allah ki sa Hafida ta rubuto layi biyu da sunanta, ki ce kuskure ne, ki faɗi ranar da za ki zo. Ni za ta ƙaryata, ke ba za ta ƙaryata ki ba.

Sai wata magana, ki rufe wa Hafida kunne. Na karanta wasiƙarki har ta fara yagewa a ninki. Mai littattafan nan da ya ba ki hankici, dogo ne? Yana da furfura a gefen kai? Ai ni na san ciwon da ke sa mace ta manta gishiri, na karanta shi ya fi sau talatin. Shekara biyar ke nan da rasuwar baban Rihab, Halti, ba wanda zai ga laifinki. Na gane abin da kika ce yana cikin littafin: wani ya hango ki a kan rufi ya sauko. Ban gaya wa kowa ba, ko matashin kaina.

Gizlan

*

Sidi Ƙasim, 24 ga Mayu

Halti Turiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Mako huɗu ina leƙa ofishin mai kula da gidan kwananmu, har ta fara cewa, "Babu, amarya," tun kafin in buɗe baki. In maganar mai hankici ce ta ɓata miki rai, na tuba, ki ɗauka ban faɗa ba. In kuma ciwo ne, ki sa a gaya mana. Kaka tana tari kaɗan, ban da haka lafiya.

Tunda ba ki rubuto ba, na yi abin da zan iya ni kaɗai, kuma albishirinki.

Na kwafe layukan littafin a takarda, guda goma sha biyu, don malaminmu na Faransanci an ce ya taɓa zama a Tanja, can daf da Sifaniya, yana jin Sifaniyanci. Kwana huɗu takardar tana aljihuna. Kullum in tashi in nufi teburinsa sai ƙafata ta kai ni ƙofa. Rana ta biyar na ajiye masa na tsaya ina kallon takalmina. Ya karanta ya yi murmushi ya ce, "Ke da na ɗauka kin wuce littafin yara?" Kunnuwana har zafi suka yi. Amma ya fassara mini duka.

Ran Asabar na roƙi Rihab ta ara mini littafin. Na rubuta fassarar da fensir a ƙarƙashin kowane layi, da manyan baƙaƙe, na sa wa kowanne wasalinsa. Ina cikin yi sai idona ya faɗa kan abin da ya kamata in gani tun farko: lambobin shafi, ƙanana, a can ƙasa.

Na kira ta na ce, "Wannan nawa ne?"

Ta ce, "Sha biyu."

"A ina kika taɓa ganin an fara ƙirga daga sha biyu?"

Ta juya littafin da kanta ta nemo ɗaya. Ta nemo biyu. Ta bi su har ƙarshe tana lasar yatsa kamar Kaka, sannan ta koma ɗaya ta fara karanta rubutuna. Ba ta nemi taimako ba sai a kalma biyu. Shafi na ɗaya, "Ruwa ya zo." Na huɗu, "Wane ne can?" Da ta kai na takwas, inda mai koren mayafi ta sauka a rufi, ta karanta, "Ga ni, na zo," sai ta maimaita, ta sake maimaitawa.

Ta ce, "Ke kika ƙirƙira, ko haka aka rubuta?"

Na ce haka aka rubuta, malami ne ya faɗa.

Ta ce, "To Umma fa? Ki rantse."

Akwai burodi a faifai kusa da mu. Na ɗora hannu a kai na rantse mata cewa za ki zo tare da sauran matan. Kaka tana bakin ƙofa tana tsince wake, ta ɗago ta kalle ni.

Halti, ki ga Rihab yanzu. Ta cinye kwanonta ta leƙa nawa. Ta ɗaura koren ɗankwalin Mamata a wuya tana tsalle daga kan turmi, kaji suna watsewa. Malama ta tsayar da ita gaban aji ta karanta shafi guda. Ta ce in kin zo ita za ta karanta miki littafin tun daga ɗaya, wai ke ma ba ki san ta inda ake buɗe shi ba.

Alkama ta yi ja, an fara yanka ta wajen kogi. An ce bas ɗin matan ran goma sha huɗu ga watan gobe zai iso. Ni ma na gama jarrabawa kafin nan, da ni za a tare ki.

Gizlan

*

Almeriya, 8 ga Yuni

Gizlan 'yata,

Ina gaishe ku duka. Ina da rai, ina da lafiya. Ba Hafida ce ke rubuta wannan ba, wata baiwar Allah ce 'yar Tatwan ta ƙasarmu mai shagon waya, ba ta san kowa nawa ba. Wasiƙunki biyu sun same ni kafin in bar gonar. Ban amsa ba don duk abin da ya shiga kunnen Hafida kafin la'asar ya kai ga mai kula da mu, ba da mugunta ba, bakinta ne haka.

Ba na cikin bas ɗin. Tun ƙarshen Maris aka kira mu mu huɗu na ƙasan takarda aka ce baɗi kada mu sa rai. Na yi ta tunani. Gonarmu kin ga yadda ruwa ya bar ta. In na dawo, na dawo ke nan, in zauna ina kallon uwata da 'yata, su ma suna kallona. Ran Talata mu biyu muka fita ta bayan rumfuna da jaka ɗai-ɗai, muka gudo nan. A nan akwai aikin tumatir duk shekara. An ce wanda ya daure shekara uku ana iya ba shi takardar zama, ya je gida ya dawo. Kafin nan in na taka jirgi ba ni ba komowa.

Mai littattafan tsoho ne, Gizlan, haƙoransa ba su fi huɗu ba. Kin sa na yi dariya ranar da ban zaci zan yi ba.

Batun littafi. 'Yata, ni ma ta dama na buɗe shi. Ta ina zan buɗe? Na ga mace ta ciyar da 'yarta ta rungume ta, ta ɗauke ta daga cikin ruwa ta ɗora ta inda ruwa ba zai kai ba, sannan ta tafi tana waiwaye. Na ce wannan ni ce, wani ya zana ni. Shi ya sa na yi kuka a gaban mutumin. Na ce bakina ba zai iya ba, ba zan ba Hafida ta rubuta ba, amma Gizlan mai karatu ce, za ta gani ta gane, ta lallaɓa yarinyar a hankali kafin ranar ta zo. Ban san akwai wasu lambobi a ƙasa ba.

Uwata ta gane. Na san ta gane.

Ban ga laifinki ba, ni ce ban faɗa ba. Rantsuwar da kika yi tana wuyana. Amma ke za ki gaya mata, don ba ni da wani. Ki ce mata rufin da na ajiye ta a kai shi ne Kaka da ke. Ki rubuto ta adireshin shagon nan da ke bayan ambulan.

Turiya

*

Ƙauye, 21 ga Yuni

Halti,

Muna lafiya. Tarin Kaka ya tafi.

Wasiƙarki ta iso ran sha bakwai. Bas ya riga ta da kwana uku.

Mun je tarya tun hantsi, ni da Rihab da Mamata. Ta sa rigar sallarta, ta riƙe littafin a ƙirji. Mata suka yi ta sauka ana guɗa, tana leƙa bayan kowacce. Da Hafida ta sauko ta gan mu sai ta tsaya gyaran igiyar jakarta, ta daɗe tana gyarawa. Rihab ta hau cikin bas ɗin da kanta ta duba kujera-kujera har baya. Direba ya ce, "'Yan mata, an bar wani abu ne?" Ta ce a'a, ta sauko.

A hanya na ce mata ƙila wani bas ɗin ne, ƙila gobe. Kwana uku ina faɗar haka. Ban san me ya sa bakina ya iya wannan ba, shi da ba ya iya komai.

Da na karanta takardarki na zaga bayan gidanmu wajen itacen ɓaure na zauna har inuwa ta bar ni. Ina ta tuna yadda na yi murna da lambobin nan. Yarinya ta karanta uwarta daidai, ta hau rufi tana shirya kanta, ni kuma na bi ta na sauko da ita.

Nan ta same ni. Ta ga ambulan, ta ga tambarin, ta zauna a gefena. Na gaya mata duka, ban rage ba, har shekara ukun, har maganar rufi. Na jira ta yi kuka in rungume ta. Ba ta yi ba. Tana ta tona ƙasa da tsinke.

Can ta ce, "Ashe ni na iya."

Na ce, "Ke kika iya."

Ta ce, "Kin dafa burodi kin rantse."

Na ce na dafa. Ban ce mata kin ɗauke mini rantsuwar ba, don ba na jin ana ɗauke wa mutum wannan.

Ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗauko abin goge fensir, ta zauna a bakin ƙofa ta goge rubutuna shafi-shafi, tana hure garin. Kaka ta ce, "Bar shi mana, 'yar nan, ai wahala yayarki ta sha." Na ce a ƙyale ta.

Tana cin abinci, kada ki damu. Ba ta koma rufi ba. Tana zuwa makaranta, jiya ma ta karanta wa Kaka rubutun jikin buhun sukari. Ni ce dai ba ta kama hannuna in za mu rijiya, gaba take yi ko baya.

Ta ba ni saƙo, shi ne dalilin wasiƙar nan. Ta ce daga yau in takardarki ta zo a miƙa mata a rufe. Ita za ta buɗe, ita za ta karanta, ba ta so in ƙara karanta mata ke.

Don haka ki roƙi matar shagon ta riƙa yin baƙaƙen manya, ta sa wasulla, kalmomin kuma gajeru. Ki faɗi abin da yake, ko ba daɗi. Zan zauna kusa da ita ko za ta maƙale a wata kalma. In ba ta tambaye ni ba, ba zan ce komai ba.

Gizlan